Yadda Ake Doguwar Tafiyar Kamun Tuna da Wahu Daga San Diego

A birnin San Diego na jihar Kalifoniya a Amurka, dab da iyakar Meziko, akwai jiragen ruwa da ba su da wata sana'a sai kwasar masu sha'awar fatsa, mutum 20 zuwa 30, su nausa da su kudu cikin Tekun Fasifik. Akan yi kwana 8, ko 10, ko 16 ba a taka ƙasa ba, ci da kwana duk a cikin jirgi. Daga matsayu irin su Fisherman's Landing da Point Loma Sportfishing da H&M Landing suke tashi, kuma wasunsu sun yi suna a harkar, kamar Royal Polaris da Independence da American Angler, da Excel mai tsawon ƙafa 124. Kifi biyu ake nema. Na farko tuna mai rawayan fiffike, wanda kan fi ƙaton namiji nauyi. Na biyu wahu, dogo siriri mai zane-zane a jiki da haƙora kamar reza. Dukansu dangin kifin titus ne da ake soyawa a gidajenmu, ƙarfi da girma ne suka raba su.

Abin da ya kamata ka sa a ranka tun farko shi ne lissafin lokaci. A tafiyar kwana 10, kusan kwana 4 a hanya za su ƙare, zuwa da dawowa. A sauran kwanakin ma kifi ba ya wuni yana ci. Sau da yawa awa ɗaya ce ko biyu, da sanyin asuba ko gab da faɗuwar rana. Duk ƙullin da ka yi wa sakaci, duk birkin manaɗin zare da ba ka auna ba, a wannan awar zai tona maka asiri.

Wace tafiya za ka zaɓa

Tafiyar kwana 8 zuwa 10, daga Satumba zuwa Nuwamba, ita ta fi dacewa da sabon shiga. Ana zuwa Duwatsun Alijos, wasu tsirarun duwatsu uku da suka yi tsiri a tsakiyar teku kusan mil 500 kudu da San Diego, tafiyar kwana biyu ke nan, sannan a bi tuddan ƙarƙashin ruwa da ke wajen Mashigin Magdalena a gaɓar Baja Kalifoniya. Wahu ya fi yawa a wannan lokacin, tunan kuma matsakaici ne, wanda zai koya maka aiki ba tare da ya karya ka ba.

Tafiyar kwana 14 zuwa sama ta lokacin sanyi ce zuwa bazara, ta masu neman manya. A bakin 'yan harkar, tunan da ya haura laba 200, wato kilo 91, sunansa "saniya". Wanda ya wuce laba 300 kuwa babbar saniya ce. Akan kai har tudun ƙarƙashin ruwa da ake kira Hurricane, wajen mil 1,000 daga gida. A Nuwamban 2010 Mike Livingston ya ciro mai laba 405 a jirgin Vagabond, kimanin kilo 184, da sanda da zare kawai. Kada ka fara da irin wannan tafiya. Wanda bai iya bin zarensa a cikin mutane ba, saniya za ta wahalar da shi, ta kuma sa ya ɓata wa maƙwabtansa kifi.

Wuraren ma suna canjawa. Tsibiran Revillagigedo, inda a da aka ciro manyan tuna, Meziko ta mai da su gandun ƙasa a 2017, ba a kamun kifi a ciki. Tsibirin Guadalupe ma an rufe shi tun farkon 2023. Saboda haka tambayi ofishin jirgin inda suke zuwa bana, kada ka dogara da labarin da.

Takardu: fasfo mai sauran wa'adi, lasisin kamun kifi na Meziko, da takardar izinin shiga ƙasar. Ofishin jirgi ne kan shirya na Mezikon, amma ka tambaya ko suna cikin kuɗin kujera, haka ma ƙarin kuɗin mai. Wanda ba ɗan Amurka ba ya tabbatar bizarsa ta ba shi damar fita ya sake shigowa. Kuɗin tafiyar dubban daloli ne, kuma jirage masu suna kan cika shekara guda kafin ranar tashi. Ka ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin kujera don ihsanin ma'aikata. Akwai kuma wani kuɗi da fasinjoji kan zuba, mai kifi mafi girma ya kwashe. Ba dole ba ne, kana iya cewa ba ka ciki. Idan akwai abin da ba ka ci, sanar da mai dafa abinci tun kafin a yi sayayya.

Kayan aiki

Da laba ake auna ƙarfin zare, kuma kowace sanda da manaɗinta da zarenta saiti guda ne. A tafiyar kwana 10 saiti huɗu ko biyar sun isa: na laba 40 don wahu da ƙananan tuna, na laba 50 ko 60 don jifan kifin ƙarfe, na 80, na 100 don manya, sai na 130 idan za a yi kayit, wato rataya zare a ƙyalle mai tashi a iska, ko jan kifin roba. In ba ka da su, yawancin jirage da shagunan matsaya suna ba da haya. Hayar kaya masu kyau ta fi sayen masu araha nesa ba kusa ba.

Daga laba 60 zuwa sama, manaɗi ya zama mai giya biyu da birkin liba, irin su Shimano Talica, Penn International, Okuma Makaira, Avet ko Accurate. Babbar giya ta kwaso zare da sauri ce, ƙaramar kuma ta ɗago kifi ce idan ya kafe a ƙarƙashin jirgi. A kwarkwaron manaɗin ana fara cika kitsattsen zare, wanda siriri ne ga ƙarfi, har yadi 500 ko fiye ya shiga. A bakinsa sai a haɗa guntun zaren fulorokabon, ƙafa 10 zuwa 25, domin kifi ba ya ganinsa sosai a ruwa kuma yana jure gogayyar baki. A shago da inji za a naɗa maka kitsattsen zaren, a matse shi tamau. In ya yi sako-sako, ranar da babban kifi ya ja, zaren sama zai nutse cikin na ƙasa ya cije, sai ka ji tas.

Birki kuwa da sikeli ake saita shi, ba da ƙiyasin hannu ba. Zura zaren ta zobban sanda, ɗaura shi a sikeli, wani ya riƙe, kai kuma ka ja har kwarkwaro ya fara sakin zare. Ana so ya saki a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren: laba 10 zuwa 13 ga zaren 40, laba 25 zuwa 33 ga zaren 100. Ga wani abu da sababbi ba sa lura da shi. Yayin da kifi ke kwashe zare, naɗin da ya rage a kwarkwaro yana ƙanƙancewa, birkin kuma yana ƙara tauri da kansa. Idan kaurin naɗin ya ragu da rabi, birkin ya ninka. Shi ya sa idan kifi ya yi nisa ake ɗan sassauta liba. Mai tsoro ƙara matsewa yake yi, zare ya tsinke, ya ce kifin ne ya fi ƙarfinsa.

Ƙugiyoyi masu lanƙwasasshen baki, daga lamba 2/0 zuwa 6/0, su ne na tuna, domin a kusurwar baki suke kamawa, zare ya tsira daga haƙori. Girman ƙugiya da girman ɗan kifin da za ka maƙala yake tafiya, ba da girman kifin da kake mafarki ba. Ƙulli biyu kacal ka iya, ɗaya na ƙugiya ɗaya na haɗa zare da zare, amma ka iya su har cikin duhu. Jiƙa ƙulli kafin ka ja shi, in ba haka ba zafin gogayya zai raunana zaren. Daga laba 100 zuwa sama mutane da yawa sun fi son matse zaren da ɗan bututun ƙarfe maimakon ƙulli. Kowanne ka yi, rataya ƙugiyar a wani ƙarfe ka ja da ƙarfinka kafin ta shiga ruwa.

Sauran tarkace: takalmin roba mai tsawo wanda ba ya santsi, filaya, magagari don wasa ƙugiya, filasta ta naɗe yatsu, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, malafa, man kare fata daga rana, da rigar sanyi, don daren teku akwai sanyi. Maganin jiri da amai tun a ƙasa ake fara shi. Ko ƙwayar meclizine ko ɗan manne na scopolamine da ake liƙawa a bayan kunne ya yi kwana uku, ka nemi shawarar likita, ka fara awanni kafin a tashi. Wanda ya bari sai zuciya ta fara tashi ya makara. A hanyar dawowa ma jirgi yana fuskantar iska da raƙuman ruwa, ta fi tafiyar wuya.

Ƙoto: nan ne ake cin jarabawa ko a faɗi

Kafin jirgi ya bar mashigin San Diego zai tsaya a kejin ruwa ya ɗebi sadin masu rai ya zuba a tankuna. Su ne ƙoto, abin da ake maƙala wa ƙugiya. Kwanakin hanya ma'aikata kan yi bita a kan kaya da dokokin jirgi, a ba kowa lambarsa. Zauna ka saurara ko da ka taɓa ji.

Mutum biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da kaya iri ɗaya, ɗaya ya kama biyar ɗaya bai kama ko ɗaya ba. Yawanci bambancin a wurin zaɓen sadin yake. Tsaya a bakin ɗan kwamin da ake zuba su ka duba kafin ka sa hannu. Nemi mai koren baya, mai santsi, wanda ɓawonsa bai zube ba, wanda ya fi sauran wuyar kamawa. Mai jan hanci, da mai tabon jini, da wanda bayansa ya yi baƙi yana yawo a sama shi kaɗai, bar su. Jiƙa hannunka, tallafo shi ta ƙasa, rufe masa ido da tafinka sai ya natsu. Kada ka matse. In ya suɓuce ya faɗi a daɓe, ya tashi daga aiki, ɗauki wani. Daga kwami zuwa teku kada ya wuce 'yan daƙiƙu, saboda haka sandarka na hannu, liba a sake, ka riga ka san inda za ka jefa.

Wurin soka ƙugiya uku ne. A karan hanci, a gicciye, idan ruwa na ja da ƙarfi ko za a sa dalma. A kafaɗa, bayan marfin kunne, don jifa mai nisa. A ƙasan ciki kusa da wutsiya idan kana so ya nutsa ya guje wa jirgi, kuma wannan ya fi jan hankalin tuna mai wayo. Da ya faɗa ruwa, bar kwarkwaro a sake, babban yatsa na shafarsa kaɗan don kada zare ya cukurkuɗe. Sadin mai lafiya za ka ji yana fizgar zare yana gudu. In ya tsaya, ko ya koma ƙarƙashin jirgi ya laɓe, naɗe ka sake wani, ko da minti ɗaya ya yi. Masu kama kifi su ne waɗanda suka fi kowa zirga-zirga zuwa tanki.

Idan ƙoto ya yi ƙasa, kyaftin kan tsaya da dare a wuri kamar Mashigin Magdalena a kama makarel da ƙananan ƙugiyoyi. Aikin gayya ne. Wanda ya yi barci lokacin, gobe kowa ya gane shi.

Bin zare

Idan jirgi na shawagi ba anga, tsaya a gefen da iska ke bugun fuskarka, domin jirgin yana gudun zarenka ke nan, ba ya hawa kansa. Ƙa'idar gaba ɗaya ita ce zarenka ya kasance a gabanka sak. Ya karkata hagu, matsa hagu. Haka kowa ke tafiya a jere a bakin shingen jirgi, kana bi ta saman wani ko ta ƙarƙashinsa. In zarenku ya sarƙe da na wani, ku haɗa kawunan sandunanku wuri ɗaya, nan take za a ga wanda ke sama. Kada ka ja, domin kitsattsen zare idan ya miƙe yana yanka na roba kamar wuƙa. Mai kifi a ƙugiya shi ke da hanya, kowa ya kauce masa.

Cin tuna ba ya ɓuya. Zare zai fara zuba daga kwarkwaro da gudun da sadin ba zai iya ba. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, tura liba a hankali zuwa inda ka saita, nuna kan sanda wajen kifin, ka yi ta naɗi har sanda ta lanƙwashe. Kada ka fizga sama. Ƙugiya mai lanƙwasasshen baki da kanta take zamewa zuwa kusurwar baki, fizga fito da ita take yi.

Gudun farko nasa ne, bar shi ya tafi, kai dai bi shi da ƙafa. In zare ya kusa ƙarewa, ma'aikata kan ɗaura sandarka a zaren wata sandar da abin da zai hana ta nutsewa, su jefa ta teku, a ci gaba da faɗan da ta biyun har a dawo da ta farkon. Ganin sandarka ta dubban daloli ta faɗa ruwa ba daɗi, amma dabara ce da ta daɗe tana aiki. Bayan gudu, tuna kan dawo ƙarƙashin jirgi ya kwanta a gefensa yana kewayawa. Nan ne wahalar take. Sauka ƙaramar giya, ɗora gaban sandar a kan shingen jirgi, gindinta a hammata, ka bar shingen ya ɗauki nauyin. Jirgi ya hau raƙumin ruwa, riƙe. Ya sauko, naɗa, ko da rabin juyi ne. Kada ka tsaya hutawa, don in ka huta shi ma ya huta, kuma kowane minti ƙugiya na ƙara faɗaɗa ramin da ta yi a bakinsa. Da ka hango farin cikinsa yana walƙiya a ƙasa, ɗaga murya ka ce ka ga launi, ma'aikata su zo da maƙata. Idan sun soke shi, sassauta birki, yatsa a kan kwarkwaro, ko da zai kuɓuce ya sake gudu.

Akwai kuma kayit, wani ƙyalle mai tashi a iska da ake rataya zare a jikinsa, ƙoto ya riƙa fantsama a saman ruwa nesa da jirgi, kifi bai ga zare ba. Bi da bi ake yi bisa lamba. In layinka ya zo kada a neme ka a rasa, domin manyan shanu da yawa ta nan suke fitowa. Kyaftin kan faɗi zurfin da na'ura ta nuna kifi da gaba, irin awon igiyar rijiya, gaba ɗaya ƙafa shida.

Wahu

Wahu wani hali gare shi daban. Gudunsa kan wuce kilomita 70 a awa, kuma yakan datse kifi gida biyu kafin ya dawo ya ci. Ana nemansa ne ta hanyar jan manyan kifayen roba a bayan jirgi, irin su Marauder mai ruwan lemo da baƙi, a kan kebur mai ƙarfin laba 275. An raba fasinjoji rukuni-rukuni, kowane rukuni da lokacinsa. Da ɗaya ya kama, a yi ihu, kyaftin ya cire giya, jirgi ya ci gaba da sulalewa. A wannan sulalewar sauran mutane ke jefa nasu, ko dogon kifin ƙarfe mai ƙyalli, ko dunƙulen dalma mai gashin leda da ake kira bam.

Duba bayanka kafin ka yi jifa, ka kuma faɗa da ƙarfi, ƙugiya a kunnen mutum ba wasa ba ce ga likita na nisan kwana biyu. Bar ƙarfen ya nutse kamar ƙirga 20 zuwa 30, sannan ka naɗa da iyakar saurin hannunka. Ba za ka taɓa fin ƙarfin gudun wahu ba. Idan ya cafka za ka ji kamar ka maƙale a dutse. Ci gaba da naɗi, kada ka fizga, kada ka tsaya. Dalili shi ne ya danne ƙarfen da haƙora, ƙugiya ba ta shige shi ba tukuna, sai naɗin ya zame ƙarfen ta cikin bakinsa. Ka ɗaga sanda ka sauke, zare ya yi sako na daƙiƙa ɗaya, ya buɗe baki ya tafi. Yakan kuma juyo ya nufo jirgi a guje har ka ɗauka ya kuɓuce. Naɗa dai. Saboda wannan ake son manaɗi mai sauri, wanda juyi ɗaya na hannu ke juya kwarkwaro sau shida.

In da sadin za ka neme shi, sa waya mai ƙarfin laba 40 zuwa 60, tsawon kamu ɗaya zuwa biyu, tsakanin ƙugiya da zare. Wayar ta lanƙwashe ko sau ɗaya, canza ta. Mahaɗin waya da zare ya zama baƙi, domin wani wahun kan kai wa mai ƙyalli cizo ya raba ka da kifin da ke ƙugiyarka. Wasa ƙugiya da magagari har ta riƙa kama farce.

Lokacin da aka ɗago shi cikin jirgi, ja da baya. Ma'aikaci zai buge shi a ka da kulki, shi ne kuma zai cire ƙugiyar. Haƙoran nan na yanka takalmin roba, kuma ko mataccen wahu ya zamo a daɓe baki buɗe ya taɓa ƙafa, sai an yi ɗinki.

Kifin bayan an kama

Jikin tuna ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, faɗa kuma na ƙara masa zafi. In aka bar shi a rana naman zai koɗe ya yi tsami. Don haka ma'aikata ke soke ƙwaƙwalwarsa nan take, su zubar da jini, su cire kayan ciki, su maƙala lambarka a marfin kunnensa, su jefa shi cikin ruwan teku mai sanyin kusan digiri ɗaya ƙasa da sifiri. Tabbatar da idonka an sa lambar. Na kwanakin farko a doguwar tafiya akan daskarar da su.

Dokar Meziko ta ba mutum kifi 10 a rana, kada iri ɗaya ya wuce 5, kuma komai tsawon tafiya ba a tara fiye da na kwana uku. Wato tuna mai rawayan fiffike 15 da wahu 15 ne iyaka. Ba a yanka kifi gunduwa-gunduwa a teku, ba a kuma sayar da shi. Tun kafin ka cika wannan adadi ka tambayi kanka ina za ka kai naman, ƙananan kuma ka sake su tun suna cikin ruwa.

Jirgi kan iso San Diego da sassafe. Za a fito da kifi a kura, a jera bisa lamba, a auna manya. Kamfanonin gyaran kifi na jira a matsaya: su fere, su yanka, su rufe a leda marar iska, su busar da wani da hayaƙi in kana so. Yi rajista da ɗayansu tun kafin ka tafi, in ba haka ba ka bi dogon layi. Tsokar da za ta dawo hannunka wajen rabin nauyin kifin ce ko ƙasa da haka. Mai hawa jirgin sama ya ƙara kwana ɗaya a garin domin naman ya daskare sosai, a shirya shi a akwatunan sanyi da ba su wuce kilo 23 ba kowanne. A daren nan kuma ka wanke sanduna da manaɗai da ruwan daɗi, ka saki birkinsu gaba ɗaya kafin ka ajiye.